Yadda Za Ka Auna Cikin Duniya da Sikeli, Zare da Kalkuleta

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola, a arewa maso yammacin Rasha. An fara shi a 1970, zuwa 1989 ya kai mita 12,262, kuma zafin da aka tarar a ƙasansa, wajen digiri 180, yana cikin abin da ya hana a ci gaba. Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. Ke nan haƙar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari biyar na tafiyar ba. Duk da haka masana na cewa cibiyar duniya baƙin ƙarfe ce, har su faɗi inda ta fara da yawan nauyinta. Mai hankali yana da damar tambaya: wa ya je ya gani?

Babu wanda ya je. Lissafi ne ya tilasta amsar, kuma babban ɓangarensa za ka iya yi da hannunka. Abin da za mu bi sawunsa shi ne densiti, wato nauyin abu a raba da girman wurin da ya cika. Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, don haka densitin ruwa 1 ne, kuma duk lambar da za ka gani nan gaba tana gaya maka sau nawa abin ya fi ruwa nauyi idan girmansu ɗaya.

Ka tanadi ƙaramin sikeli na lantarki mai nuna giram, kofin roba mai faɗin baki, zare mai ƙwari, duwatsu uku ko huɗu masu tauri, babban noti ko kusa ta ƙarfe, tef na awo, doguwar takarda, da waya mai agogon ƙidaya da kalkuleta.

Mataki na farko: auna dutsen da ke hannunka

Ɗora busasshen dutse a kan sikeli ka rubuta nauyinsa. Wannan ba wuya. Girmansa ne ke ba mutane wahala, domin dutse ba shi da siffar da za a auna da rula. Yawanci akan ce a jefa shi a ruwa a duba inda ruwan ya hau, amma ido na yaudara a wannan awon. Ga hanyar da ta fi. Zuba ruwa a kofi, ɗora shi a kan sikeli, danna maɓallin da ke mayar da lambar sifili. Ɗaure dutsen da zare, ka sauke shi a hankali har ruwa ya rufe shi gaba ɗaya, amma kana riƙe da zaren, dutsen na rataye, bai taɓa gindin kofi ba, bai jingina da gefe ba. Lambar da sikelin ya nuna a giram ita ce girman dutsen a mililita, saboda nauyin ruwan da dutsen ya ture ke nan. Da zarar ya taɓa gindi za ka ga lambar ta yi tsalle zuwa cikakken nauyin dutsen, sai ka ɗaga shi kaɗan.

Ka lura da ƙananan kumfa da ke maƙalewa a jikin dutse. Girgiza zaren su tashi kafin ka karanta, in ba haka ba za su ƙara wa dutsen girman da ba nasa ba. Dutsen da ka ga yana ta fitar da kumfa ba ƙaƙƙautawa yana da ramuka a ciki, ajiye shi ka ɗauki wani.

A ce dutsen giram 162 ne a bushe, a cikin ruwa kuma sikeli ya nuna 60. Raba 162 da 60, ka sami 2.7. Maimaita da sauran. Giranit, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ja, yana zama wajen 2.7. Basalt, baƙin dutsen da ke samuwa idan narkakken dutse ya huce, yana kusa da 3. Zai yi wuya dutsen da aka tsinta a fili ya wuce haka, sai in ya ƙunshi tama mai yawa. A ƙarshe auna notin ƙarfen ta wannan hanya. Za ka sami wajen 7.8. Rubuta lambobin nan biyu a saman takardarka, 2.7 da 7.8, za ka dawo kansu.

Mataki na biyu: auna ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa

Ɗaure notin a zare, ka rataye shi a wani abu da ba ya motsi, yadda daga wurin ɗaurin zuwa tsakiyar notin zai zama mita ɗaya daidai. Tsakiyarsa, ba samansa ba. Ja shi gefe kamar santimita 10 kawai ka saki, kada ka tura. Zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya. Kada ka auna guda ɗaya, yatsanka bai kai wannan sauri ba. Ƙirga ashirin, ka raba lokacin da ashirin. Ya kamata ka sami wajen daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane lilo.

Sai ka ninka 39.48 da tsawon zaren a mita, ka raba da lokacin lilo ɗaya sau kansa. Idan lilo ya ɗauki daƙiƙa 2.006, sau kansa 4.024 ne, kuma 39.48 a raba da 4.024 ya ba da 9.81. Wannan lambar ake kira g. Kuskuren rabin daƙiƙa a cikin arba'in ɗin nan zai karkatar da amsarka ta ƙarshe da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari, saboda haka yi awon sau uku ka ɗauki matsakaici.

Mataki na uku: nauyin duniya gaba ɗaya

Akwai lamba ɗaya da ba za ka iya aunawa a gida ba, sai dai ka karɓa daga waɗanda suka auna. Ita ce G, mai nuna ƙarfin da kowane abu biyu masu nauyi ke jan juna: 6.674 × 10⁻¹¹. Tushenta gwajin Henry Cavendish ne a Ingila a 1798. Ya rataye sanda mai ƙananan ƙwallayen dalma biyu a siririyar waya, ya kawo manyan ƙwallayen dalma masu kilo 158 kowanne kusa da su, ya auna ɗan murɗawar da wayar ta yi. Abin da yake nema shi ne ainihin abin da muke nema a nan, densitin duniya, kuma ya buga 5.48, wanda ke dab da abin da aka sani yau.

Nisan tsakiya zuwa doron ƙasa mita 6,371,000 ne. In kana son ka tabbatar, kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne, raba shi da 6.283 ka ga abin da zai fito. Ninka nisan nan na mita 6,371,000 da kansa, ka ninka da 9.81, ka raba da G. Amsar ita ce kilo 5.97 × 10²⁴. Girman ƙwallo kuma shi ne 4.189 sau nisan sau nisan sau nisan, wanda ya ba da mita kubik 1.083 × 10²¹. Raba nauyin da girman: kilo 5,510 a kowace mita kubik, wato 5.51 a ma'auninmu.

Yanzu dubi saman takardarka. Dutsen hannunka 2.7 ne, duniyar da aka ɗauko shi daga jikinta 5.51 ce, ninki biyu har da ɗoriya. Matsakaici ba ya fin abin da ke sama ninki biyu sai in akwai wani abu a ƙasa da ya fi matsakaicin nesa ba kusa ba. Duk sauran matakan neman wannan abu ne.

Mataki na huɗu: zana hawa-hawan bisa ma'auni

Zanen da aka saba gani a littattafai yana kumbura ɓawon duniya don a iya ganinsa, kuma wannan na ɓata fahimta. Yi naka. Ja layi mai tsawon santimita 63.7, kowace santimita na wakiltar kilomita 100. Wannan ƙarshen doron ƙasa, wancan tsakiya.

Sa alama ta farko a milimita 3.5 daga sama. Iyakar ɓawo ke nan a ƙarƙashin nahiyoyi, wajen kilomita 35, ko da yake a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya da Tibet yana kai 70. A ƙarƙashin teku wajen kilomita 7 ne kacal, bai kai milimita ɗaya a zanenka ba. Ramin Kola milimita 1.2 ne, kusan kaurin layin biro. Andrija Mohorovičić ne ya gano wannan iyaka daga girgizar ƙasar da ta auku kusa da Zagreb a Kuroshiya a 1909. Ya lura cewa a tashoshin auna girgizar ƙasa masu nisa igiyar girgiza na isowa kashi biyu, kuma wadda ta nutsa ta bi ƙasa-ƙasa ta riga wadda ta bi sama, duk da hanyarta ta fi tsawo. Dalili shi ne ta bi ta wani dutse dabam inda gudunta ya tashi daga wajen kilomita 6 ko 7 a daƙiƙa zuwa 8.

Daga nan mantil ya fara, wato hawan dutse mai kauri da ke tsakanin ɓawo da cibiya. Sa ƙananan alamu a santimita 4.1 da 6.6, za mu dawo kansu. Babbar alama tana santimita 28.9, wato zurfin kilomita 2,890. Nan mantil ya ƙare, cibiya ta fara. Girgizar ƙasa na aika igiyoyi iri biyu ta cikin duniya. Igiyar P tana matsa abu ta saki, tana ratsa dutse da ruwa duka. Igiyar S tana karkaɗa abu gefe da gefe, kuma abu mai ruwa-ruwa ba ya ɗaukarta. Idan ka ɗauki wurin girgizar a matsayin sifili a kan da'irar duniya, bayan wajen digiri 104 igiyar S kai-tsaye ba ta sake bayyana. Igiyar P ma tana ɓacewa daga 104 zuwa 140, sannan ta dawo a makare, saboda gudunta ya faɗo daga kusan kilomita 13.7 a daƙiƙa zuwa 8 kuma ta lanƙwashe. Richard Oldham ya nuna alamar cibiya a 1906, Beno Gutenberg ya auna zurfinta a wajen kilomita 2,900 'yan shekaru bayan haka, Harold Jeffreys kuma ya kafa hujja a 1926 cewa narkakkiya ce.

Alama ta ƙarshe tana santimita 51.5. Inge Lehmann, masaniya 'yar Denmak, ta ga raunanan igiyoyin P suna isa yankin da bai kamata su isa ba, ta bayyana a 1936 cewa akwai wata ƙwaya a cikin cibiyar da suke karo da ita su dawo. Daga tsakiya zuwa gefenta wajen kilomita 1,220 ne, kuma daskararriya ce.

Abu ɗaya da ya kamata ka gyara a ranka tun yanzu: mantil ba tekun narkakken dutse ba ne. Igiyar S na ratsa shi daga sama har ƙasa, ke nan daskararre ne. Yana motsi, amma 'yan santimita a shekara. Abin da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa yana narkewa ne a keɓaɓɓun wurare kusa da sama.

Mataki na biyar: fitar da densitin cibiya da kanka

A zanenka cibiya ta cinye fiye da rabin layin, santimita 34.8 cikin 63.7. Kada wannan ya ruɗe ka. Raba 3,480, wato kilomitocin da ke tsakanin tsakiya da gefen cibiya, da 6,371, ka sami 0.546. Ninka 0.546 sau 0.546 sau 0.546, ka sami 0.163. Cibiya kashi 16 cikin ɗari ce kawai ta girman duniya, ragowar 0.837 kusan duk mantil ne, ɓawo kuwa bai taka kara ya karya ba a wannan lissafi.

Gwada sau biyu. Da farko ɗauka cewa mantil duka yana da densitin samansa, 3.3. An san wannan lambar kai-tsaye, domin aman wuta kan fito da gutsattsarin dutsen mantil, koren dutse mai yawan ma'adinin olibin, an kuma auna su kamar yadda ka auna naka. Ninka 3.3 da 0.837, ka sami 2.76. Cire shi daga 5.51, saura 2.75. Raba da 0.163, ka sami kusan 17. Wannan ya yi yawa, ya zarce ninki biyu na notin ƙarfenka, kuma alama ce cewa zaton da muka fara da shi bai tsaya ba.

Inda ya gurgunce shi ne matsi. Dutsen da ke ƙarƙashin dubban kilomitoci na wani dutsen ba zai zauna a 3.3 ba. A gindin mantil ya kai wajen 5.6, matsakaicin mantil duka kuma wajen 4.5 ne. Sake lissafin: 4.5 sau 0.837 ya ba da 3.77, saura 1.74, a raba da 0.163 ya ba da 10.7. Cikakken lissafin masana, kamar jadawalin cikin duniya mai suna PREM da Adam Dziewonski da Don Anderson suka fitar a 1981, yana ba cibiyar waje, wato narkakken ɓangaren da ke kewaye da ƙwayar, daga 9.9 a sama zuwa 12.2 a ƙasa, ƙwayar ciki daga 12.8 zuwa 13.1, matsakaicinsu wajen 11. Ka zo kusa ƙwarai. Ninka 11 da 0.163 ka raba da 5.51, za ka ga cewa wannan kashi 16 na girma yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin duniya.

Mataki na shida: raba aikin matsi da aikin sinadari

A ganina nan ne ainihin fahimtar take, kuma nan aka fi yin garaje a ce "ƙasa ta fi nauyi saboda matsi" a wuce. Densiti na ƙaruwa ta hanya uku dabam-dabam, kuma za ka iya gane kowace idan ka rubuta lambobin a gefen layinka ka duba inda suke hawa a hankali da inda suke tsalle.

Hawan a hankali aikin matsi ne zalla. Abu ɗaya ne, ana ƙara danne shi. Tashin cibiyar waje daga 9.9 zuwa 12.2 irin wannan ne, haka mafi yawan tashin da ke cikin mantil na ƙasa.

Ƙananan tsallen da ke kilomita 410 da 660 wani abu ne dabam. Sinadarin bai canja sosai ba, tsarin zaman ƙwayoyinsa ne ya canja. A wajen 410 olibin ya kasa jure matsi, ƙwayoyinsa suka sake jeri a matse, ya zama ma'adinin da ake kira wadsleyite, can gaba ringwoodite, a 660 kuma ya rabu zuwa bridgmanite da wani ma'adini. An fara samar da irin waɗannan sauye-sauye a ɗakin gwaji ta hanyar matse ma'adinai, kuma a 2014 aka ba da rahoton ɗan ƙwayar ringwoodite a cikin wani daimon daga Birazil wanda ya taso da ita daga can ƙasa. Daimon ɗin kansa misali ne na wannan al'amari: shi da bakin fensir duk kabon ne, amma ɗaya wajen 2.2, ɗaya 3.5.

Babban tsallen yana kilomita 2,890, daga 5.6 zuwa 9.9 a lokaci guda. Matsin da ke sama da iyakar da wanda ke ƙasanta ɗaya ne, don haka matsi ba zai bayyana wannan ba. Abin ne ya canja, daga dutse zuwa ƙarfe. Tazarar 4.3 ce, ta fi tazarar da ke tsakanin iska da dutse a doron ƙasa. Me ya sa baƙin ƙarfe, ba dalma ko zinariya ba? Domin shi ne ma'adini mai nauyi da ke da yawa a tsarin rana, akwai ma duwatsun da ke faɗowa daga sama waɗanda baƙin ƙarfe da nikel ne kusan zalla. Kuma idan aka matse shi a gwaji zuwa matsin cibiya, 7.8 ɗin notinka yana hawa zuwa yankin da ake buƙata. Hasali ma yana ɗan wucewa. Francis Birch ya nuna a 1952 cewa cibiyar waje ta fi tsantsar ƙarfe sauƙi da wajen kashi goma cikin ɗari, ke nan akwai sinadarai marasa nauyi a gauraye, irin su farar wuta, oksijin ko silikon.

Tsallen ƙarshe, daga 12.2 zuwa 12.8, daskarewa ce. Ƙwayar ciki ta fi cibiyar waje zafi, sama da digiri 5,000, amma matsin wurin ya haura ninki miliyan uku na matsin iskar da ke kanmu, kuma a irin wannan matsi ƙarfe na daskarewa ko da wannan zafi. Yayin da yake daskarewa yana barin wasu daga sinadarai marasa nauyin a cikin narkakken, abin da ke taimakawa wajen juya shi, kuma wannan juyawar ce ke haifar da maganaɗisun duniya da allurar kamfas ke bi.

Yadda aka yi suka jeru haka kuwa, tun farkon samuwar duniya ne, wajen shekara biliyan 4.5 da suka wuce, lokacin da zafi ya narkar da yawancinta, ƙarfe ya nutse, dutse ya taso.

Mataki na bakwai: gwada ɓawo biyun

Saka guntun katako mai kauri da wani siriri a ruwa. Mai kaurin ya fi nutsewa, ya kuma fi tasowa sama. Kason da ke nutsewa shi ne densitin abin a raba da densitin abin da ke ɗauke da shi. Ɓawo ma haka yake zaune a kan mantil, wanda duk da taurinsa yana lotsawa idan an ba shi dubban shekaru.

Ga nahiya, ɗauki 2.8, tun da ƙasan ɓawon ya fi giranit ɗin sama nauyi. Raba da 3.3, ka sami 0.85. Ragowar 0.15 sau kilomita 35 ya ba da wajen kilomita 5.3, tsayin da ɓawon ya taso sama ke nan. Ga ɓawon teku, 3.0 a raba da 3.3 ya ba da 0.91, ragowar 0.09 sau kilomita 7 ya ba da 0.6. Bambancin kilomita 4.7 ne. Wannan lissafin gaggawa ne, bai saka nauyin ruwan teku ba, amma kwatanta shi da awon gaskiya: matsakaicin tudun nahiyoyi wajen mita 840 sama da teku, matsakaicin zurfin teku wajen mita 3,700, jimilla kilomita 4.5. In kana son ka ga tasirin kauri, sa 70 a madadin 35 ka sake ninkawa, sannan ka cire 5.3 daga amsar. Abin da ya rage, wajen kilomita biyar, shi ne kusan tsayin tudun Tibet.